Harsashi Nawa Ya Ishi Maharbi?

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci harsashi a majalisa, abin da kan fara zo wa mutane a rai shi ne tashin hankali, domin kuwa shekarun nan da muka ratsa ba su bar mana wani tunani da ya wuce wannan ba. Amma akwai ƙasashen da harbi da bindiga wasa ne, kamar yadda sukuwa ko kokawa take a wurinmu. A Amurka da Ingila da Suwizalan da Afirka ta Kudu, mutum kan saɓi bindigarsa ranar hutun ƙarshen mako ya nufi filin harbi, ya kwanta rub da ciki, ya auna wata takarda mai baƙin ɗigo da aka kafa masa can nesa, ya yi ta harbi har ya gaji, sannan ya tattara ya koma gida. A tsakanin masu wannan sha'awa akwai wata tambaya da ba ta tsufa, wadda kowane sabon shiga yakan yi, tsofaffin hannu kuma su yi ta saɓani a kanta. Tambayar ita ce: harsashi nawa ya kamata mutum ya ajiye a gida?

Na daɗe ina juya tambayar nan a zuciyata, saboda na tashi a gidan da akwai maharbi, daga baya kuma karatu ya kai ni Ingila, inda na yi shekara biyu ina zuwa kulob ɗin harbi na ɗalibai. Abin da na tattara daga wuraren nan biyu, da abin da na karanta na tarihin wasu ƙasashe, shi ne ya ba ni ra'ayin da zan shimfiɗa wa mai karatu. A nawa ganin, adadin da ya dace shi ne wanda mutum zai harbe cikin ɗan lokacin da ya sani, wanda zai iya kullewa, wanda kuma in guda ɗaya ya ɓace daga ciki zai lura. Duk abin da ya haura wannan, tsoro ne ya yi wa mai shi lissafi, shi kuwa tsoro ba ya cewa ya isa.

Kafin a kai ga hujja, ya kamata a san irin harsashin da ake magana a kai, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Wanda masu harbin nishaɗi suka fi amfani da shi a duniya shi ne ƙaramin nan da ake kira ɗan 22, saboda faɗin kansa kashi 22 ne cikin 100 na inci, wato kimanin milimita 5.6. An fara fitar da shi a Amurka a shekarar 1887, kuma har yau bai sauka daga kan gaba ba, domin yana da araha, ba shi da ƙara mai yawa, ba ya kuma dukan kafaɗa. Akan sayar da shi 50 a ƙaramin kwali, sannan a haɗa ƙananan kwalaye 10 su ba da 500 a babban kwali, wanda Amurkawa ke wa laƙabi da bulo saboda siffarsa. Da shi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021, kowane ɗan wasa ya harba 120 a zagayen share fage. A gasar Paris ta 2024 aka rage zuwa 60, wato 20 a durƙushe, 20 a kwance, 20 a tsaye. Sai kuma manyan harsasai na farautar barewa da makamantanta, waɗanda akan sayar 20 a kwali, kuma kuɗin guda ɗaya ya ninka na ɗan 22 sau da yawa. Mai farauta da irin wannan bindiga yakan harba kaɗan kafin lokacin farauta don ya tabbatar saitinsa bai goce ba, in ya shiga daji kuma da wuya ya harba fiye da biyu ko uku. Ke nan tun daga nan an ga cewa mai harbin takarda da mai harbin nama ba za su sami amsa ɗaya ba.

Masu cewa a tara da yawa suna da hujjojinsu, kuma adalci ne a saurare su. Na farko, sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, kamar yadda buhun gero ya fi awon kwano rahusa. Na biyu, wanda ke zaune nesa da kanti ba zai so ya yi doguwar tafiya saboda kwali ɗaya ba. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, masana'anta kan yi harsashi ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa a jikin kwali, kuma ɗan bambancin da ke tsakanin rukuni da rukuni, ko da ido ba ya ganinsa, yakan nuna a jikin takarda. Saboda haka manyan 'yan gasa kan ɗauki bindigarsu su kai wurin gwaji na kamfanoni irin su Eley na Ingila ko Lapua na ƙasar Finlan, a gwada musu rukuni daban-daban har a dace da wanda bindigar ta fi karɓa, sannan su sayi dubbai daga wannan rukuni ɗaya don ya kai su shekara. Wannan tanadi ne na sana'a, mai shi ya san ranar da zai buɗe kowane kwali. Hujja ta huɗu ita ce wadda aka fi ji a bakin mutane, wato kada wata rana a wayi gari babu shi a kasuwa. A kan wannan nake so in tsaya kaɗan, domin Amurka ta gwada mana abin da take haifarwa.

A Amurka dokar tarayya ba ta ƙayyade wa mutum yawan harsashin da zai ajiye a gidansa ba, kuma cibiyar nan ta Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a ƙasar, wato sun fi mutanenta yawa. Bayan zaɓen Shugaba Barack Obama a watan Nuwamba na 2008, sai raɗe-raɗi ya bazu cewa za a tsaurara dokokin bindiga, jama'a suka yi wa kantuna tsinke, harsashi ya yi wuya. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga kisan gillar da aka yi wa yara a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disamba na 2012. Muhawarar dokar bindiga ta sake tashi, tsoron hani ya dawo, ɗan 22 ya ɓace daga kantuna na tsawon shekaru. A watan Janairu na 2013 kamfanin Walmart ya ƙayyade wa kowane mai saye kwali 3 a rana. Mutane suka riƙa sammako suna bin layi ranar da mota ke kawo kaya, wasu su saye don su sake sayarwa da tsada, alhali masana'antu suna aiki dare da rana. A 2020, da annobar korona ta haɗu da zanga-zanga da shekarar zaɓe, abin ya sake dawowa. A ƙarshen wannan shekara shugaban kamfanin harsashi na Federal, Jason Vanderbrink, ya fito ya yi wa masu zarginsu da ɓoye kaya lissafi mai sauƙi, cewa in sababbin masu bindiga miliyan 7 kowannensu ya sayi kwali 2 kacal, an sami buƙatar harsashi miliyan 700 da ba a yi shirinta ba.

Duk ɗan Nijeriya da ya taɓa kwana a layin gidan mai ya san yadda wannan abu ke faruwa. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa fetur zai yi wuya, wanda ya saba sayen lita 10 sai ya cika tanki ya kuma kawo jarka biyu, maƙwabcinsa ya gani ya yi haka, kafin magariba wahalar da ake tsoro ta iso, kuma masu tsoron ne suka taya ta isowa da wuri. Haka aka yi da harsashi a Amurka. Wanda ya saba sayen kwali ɗaya ya koma sayen goma, uban da ke son ya koya wa ɗansa harbi ranar Asabar ya rasa ko 50, yayin da wani ke da 20,000 jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba zai harbe su ba ko da zai yi shekara goma yana fita. Da kowa ya tsaya a kan buƙatarsa ta wata uku, da ƙarancin bai kai tsawon da ya kai ba.

Darasina na farko a kan wannan al'amari ban same shi a littafi ba. Kawuna maharbi ne, da bindigar toka yake farauta, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Albarushinsa yana cikin wani ƙaho mai marfin itace, dalmarsa kuma a cikin batta, dukansu a cikin burgami da yakan rataye can sama a ɗakinsa, nesa da murhu, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba ya sayen albarushi da yawa, musamman in damina ta ƙarato, domin albarushi yana shan laima, in kuwa ya sha sai ya ƙi tashi a lokacin da ake so, ko ya yi jinkiri ya tashi a lokacin da ba a so. Wata rana da na ga an kawo albarushi da araha a kasuwar ƙauyenmu, na ce masa, "Kawu, me zai hana ka sayi na shekara gaba ɗaya ka huta?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, naman da nake harbi a wata bai wuce yatsun hannuna ba. In na ajiye tulu guda a ɗaka, gobara na ajiye wa iyalina." Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko cikin dare aka tashe shi ya san ɗuri nawa ya rage a ƙahon nan, kuma da wani cikin samarin gida ya taɓa ɗiba don ya yi wasan wuta, kafin la'asar an gane.

A Ingila na tarar da wannan tarbiyya ta zama doka a rubuce. A kulob ɗinmu na ɗalibai, bindigogin na kulob ne, harbin kuma a nisan yadi 25 ake yi, a kan kati mai ɗigo 10, kowane ɗigo harbi ɗaya, bayan 'yan kaɗan da ake yi don daidaita saiti. Mutum kan sayi kwali ɗaya na 50 a wurin, a rubuta a littafi, abin da ya rage masa kuma a sa sunansa a mayar cikin akwatin ƙarfe na kulob a kulle. Wanda ba shi da takardar izinin 'yan sanda, in aka same shi da ko ƙwaya ɗaya ta irin wannan harsashi a aljihu a waje, ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar bindiga ta 1968. Wanda kuma ya mallaki takardar, a jikinta ake rubuta masa iyakar adadin da zai riƙe a lokaci guda na kowane irin harsashi, gwargwadon dalilin da ya bayar da yawan fitarsa, kuma duk shekara 5 ake sabunta ta. Dattijon da ke koyar da mu ya kan ce kwali ɗaya da aka harba a natse, ana duba inda kowane harbi ya sauka, ya fi babban kwali da aka ɓarar cikin gaggawa koyar da mutum. Yawancin abin da ya koya mana ma, na riƙon numfashi da yadda ake jan kunama a hankali ba tare da fizga ba, da bindiga wofi muka koye shi. A shekaru biyun nan ban taɓa jin harsashi ya yi mini kaɗan ba, alhali ban taɓa kwana da ko ɗaya a ɗakina ba.

Wasu ƙasashen ma lamba suka yanke kai tsaye. Dokar bindiga ta Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ta hana mai lasisi riƙe fiye da harsashi 200 ga kowace bindiga da ke da lasisi, in ban da waɗanda aka yi wa rajista a matsayin cikakkun mafarauta ko 'yan wasan harbi, ko wanda ya nemi izini na musamman. Amma labarin da ya fi jan hankalina shi ne na Suwizalan, ƙasar da harbi ya zama mata al'ada kamar yadda hawan doki ya zama mana. A can sojan sa-kai kan tafi gida da bindigarsa ta aiki, kuma shekaru da dama akan haɗa masa da gwangwani a liƙe mai harsashi 50, wanda ba a buɗewa sai in yaƙi ya tashi. A watan Afrilu na 2006 mijin shahararriyar 'yar tseren ƙanƙara Corinne Rey-Bellet, wanda hafsan soja ne, ya harbe ta tare da ɗan'uwanta da ƙaramar bindigarsa ta aiki. Wannan da wasu kashe-kashe na cikin gida suka tayar da muhawara, a 2007 majalisar ƙasar ta yanke a daina bai wa sojoji harsashin gida, aka kuma bi aka karɓe wanda ke hannunsu. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2011 a kan a kwashe bindigogin su ma zuwa barikoki, jama'a suka ƙi. Ke nan bindigar soja ta zauna a gida, harsashinta ya koma hannun hukuma, wasan harbi kuwa bai mutu ba. Har yanzu duk shekara mutum fiye da 100,000 kan fito babban taron harbi na ƙasa, mai doguwar bindiga a ba shi harsashi 18 kyauta a filin, ya harbe su a nisan mita 300, ya koma gida ba tare da ko guda ba.

Abin da masu tarawa ba su cika sakawa a lissafi ba shi ne, harsashi kaya ne mai neman kulawa. Yana son wuri mai sanyi, busasshe, nesa da mai da maiƙo. In an ajiye shi haka yakan yi shekaru da dama bai lalace ba, amma laima kan sa kwansonsa ya yi tsanwa, zafi mai yawa kuma kan narkar da kakin da ke kan dalmar ɗan 22 ya kuma raunana maganin da ke ciki. Tsohon harsashin da ya sha wahala kan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri, shi ya sa ƙa'idar filin harbi ta ce in ka ja kunama ba ka ji ƙara ba, ka bar bakin bindiga yana kallon takarda na aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Wani kuma kan tashi da rauni, kansa ya maƙale a cikin bututu, in aka bi shi da wani harbin bindigar ta fashe a hannun mai ita. Ga kuma nauyi: 500 na ɗan 22 ba su kai kilo 2 ba, amma 1,000 na babban harsashin farauta sun doshi kilo 25, yawancin kamfanonin jirgin sama kuwa ba sa yarda fasinja ya ɗauki fiye da kilo 5.

Game da gobara, gaskiyar magana ita ce gwaje-gwajen da masana'antun Amurka suka yi sun nuna harsashin da ba ya cikin bindiga, in wuta ta ci shi, fashewa yake ɗai-ɗai, ba ya tafiya da ƙarfin da yake yi in an harba shi. Albarushi irin na kawuna ne ke tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Musibar da ta auku a barikin soja na Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, wadda ta ci rayuka fiye da 1,000, da yawansu a cikin ruwan Oke-Afa yayin da suke gudun ceton rai, ta bama-bamai ce da manyan makamai, ba irin abin da maharbi ke ajiyewa a ɗaka ba. Duk da haka ta bar wa ƙasar nan darasin da ya shafi babba da ƙarami, wato abin da ke fashewa, in ya taru a tsakiyar mutane, kulawarsa ba ta ɗaukar sakaci ko na kwana ɗaya.

Babban haɗarin harsashin gida hannun mutum ne. Akwai hannun ɓarawo, akwai na yaro mai son gwaji, akwai na matashin da baƙin ciki ya rufe wa ido, akwai kuma na maigidan kansa a daren da fushi ya rinjaye shi. A Amurka fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a kowace shekara su ne suka harbe kansu. Wani bincike da aka buga a 2005 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ya duba gidajen da ke da bindiga da yara, ya gano cewa abubuwa huɗu kowannensu na tafe da raguwar haɗarin yaro ya harbi kansa ko ya yi harbin kuskure: kulle bindiga, ajiye ta babu harsashi a ciki, kulle harsashi, da ajiye shi a wani wuri dabam da bindigar. To, a nan ne yawa ke shigowa. Kwali 6 za su shiga ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullinsa ya kwana a aljihun mai shi. Kwali 200 kuwa sai sun malala zuwa ƙarƙashin gado da saman kabad da gareji. Mai harsashi 300, in biyar suka ɓace, zai gani da zarar ya buɗe akwati. Mai 10,000 kuwa, ɗansa zai iya ɗibar 100 a shekara biyu ba a sani ba. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, haka ajiya in ta yi yawa ba ta jin tsaro.

Saboda haka, da wani mai lasisi a ƙasar da wasan ya halatta zai nemi shawarata, ga yadda zan yi masa lissafi. Ya fara da littafi, ya rubuta abin da yake harbawa a kowace fita har tsawon wata uku, domin yawancin mutane sun fi harbi a baki fiye da a fili. In yana fita sau 2 a wata, kowace fita kwali ɗaya, wato 100 ke nan a wata, 300 a wata uku, 1,200 a shekara. Irin wannan mutum babban kwali ɗaya na 500 ya ishe shi, in ya ga ya sauka zuwa 150 sai ya sayo wani. Mai babbar bindigar farauta kuwa kwali 2 ko 3 na rukuni ɗaya, wato 40 zuwa 60, sun kai shi shekara da saiti da farauta duka. Ɗan gasa da ke atisaye kullum shi ne kaɗai ke da hujjar dubbai, kuma gara yawancinsu su zauna a akwatin kulob. Kowane kwali a rubuta masa ranar saye, a fara harba na da kafin na yanzu. A ƙirga duk wata. Wanda ya yi tsanwa ko ya lotsa kada a jefa shi a shara ko a wuta, a miƙa shi ga masu filin harbi ko 'yan sanda. In kuma aka sami wani a gida da ke cikin matsanancin ƙunci, ko zaman aure ya yi tsami, to adadin da ya dace a wannan lokaci shi ne babu ko ɗaya, a fitar da shi daga gidan har ƙura ta lafa.

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen Turawa ne, mene ne namu a ciki? Namu a ciki yana da yawa. Dokar bindiga ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar farauta da ta wasa, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki irin ta kawuna, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana riƙe harsashi sai bisa sharuɗɗan lasisi, don haka ga wanda ba shi da lasisi an riga an amsa masa tambayar. Tun zamanin da ma an san cewa wanda ya riƙe harsashi shi ya riƙe bindiga. Yarjejeniyar Burasel ta 1890, wadda Turawa suka jagoranci ƙulla ta, ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, abin da ya taimaka musu ƙwarai lokacin da suka zo cin ƙasashenmu. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ita ma ta ambaci harsashi a cikin sunanta, domin bindiga ɗaya kan yi shekara 50 tana aiki, amma ba ta aikin komai sai an ci gaba da ciyar da ita. Jami'an tsaro sun sha kama masu safarar harsasai a cikin buhunan hatsi da jarkokin manja a kan hanyarsu ta zuwa dazuzzukan arewa, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan harsasai kan fito ne daga ajiyar da aka kasa tsarewa ko aka ci amanarta.

Manomin kirki yakan san dami nawa ke cikin rumbunsa, ya san bakin da zai ci, ya san watan da sabon hatsi zai shigo. Ba ya barin rumbu fayau don kada yunwa ta same shi, ba ya kuma tara abin da gara da ɓera za su raba. Maharbi ya fi manomi buƙatar wannan sani, domin hatsin da ya ɓace asarar mai shi ce kaɗai, harsashin da ya ɓace kuwa ba a san gidan da zai kai makoki ba. Wanda aka tambaye shi harsashi nawa ke gidansa ya faɗi adadin nan take, aka buɗe akwati aka ƙirga aka tarar haka ne, to abin da ya ajiye bai fi ƙarfinsa ba. Wanda kuwa ya tsaya yana cewa za su kai kaza ko kaza, ya kamata ya rage tun kafin wani ya rage masa.